Muhtasibi Da Mai Duba Gini: Hukuncin Katangar Da Ta Karkata



Darasin wannan mako ya shafi wani ma'aikaci ne wanda jama'a ba su cika ganin girmansa ba, watau ma'aikacin hukuma mai duba gine-gine. Shi ake kai wa zanen gida ya duba kafin a haƙa tushe, shi ne kuma ke zuwa wurin aiki ya ga ko abin da ake ɗorawa ya dace da abin da aka zana. Galibin masu gini suna ɗaukarsa mai kawo cikas, wanda ake sallama da ɗan abin goro domin ya kau da kai. Ba a tunawa da shi sai ranar da bene ya rufta, ko ambaliya ta ci unguwa, ko gobara ta tashi a kasuwa aka rasa hanyar da motar kashe wuta za ta bi. A ran nan kowa yakan tambaya, wa ya ba da izinin wannan gini? To, wannan tambaya tsohuwa ce a littattafan fiƙihu, malamai kuwa sun amsa ta tun da daɗewa.

Mai karatun Alƙur'ani ya san ƙissar Annabi Musa da Halliru a cikin Suratul Kahfi. Sun isa wata alƙarya, mutanenta suka ƙi saukar da su, sai suka tarar da wata katanga tana shirin faɗuwa, Halliru ya tayar da ita ba tare da ya nemi lada ba. Daga baya ya bayyana cewa ta waɗansu marayu biyu ce, akwai dukiyarsu a ƙarƙashinta. Abin lura shi ne lokacin da aka yi gyaran, domin katangar ba ta riga ta faɗi ba. Haka nan hadisai. Buhari da Muslim sun ruwaito daga Abu Musal Ash'ari cewa wani gida ya ƙone da mutanensa cikin dare a Madina, da labari ya kai ga Annabi, sallallahu alaihi wa sallama, sai ya yi umurni a riƙa kashe wuta in za a kwanta. Sun kuma ruwaito hukuncinsa cewa idan mutane suka yi saɓani a kan faɗin hanya, a bar ta zira'i 7. Abu Dawuda ya ruwaito gargaɗi mai tsanani a kan kwana bisa soron da ba shi da rawanin da zai tare mai barci. Wanda ya buɗe kundin dokar gini na wata ƙasa a yau zai tarar da maganar wuta da ta hanya da ta katangar saman soro duk a ciki, sai dai an faɗaɗa su da awo da lissafi.

Da garuruwan Musulmi suka bunƙasa, sai aka ɗora wannan nauyi a kan muhtasibi, watau mai kula da hisba. Yau idan an ambaci hisba, abin da ke zuwa a zukatan mutane shi ne kama mashaya da sasanta ma'aurata, alhali kuwa a wurin magabata mafi yawan aikin muhtasibi a kasuwa yake da kan titi, tsakanin mudu da sikeli da tubali. Mawardi, wanda ya rasu a shekara ta 450 bayan Hijira, watau 1058, ya tabbatar a cikin Ahkamus Sulɗaniyya cewa wanda ya yi gini a kan hanyar jama'a muhtasibi zai sa shi ya rushe, ko da hanyar tana da faɗi, ko da kuwa masallaci ne ya gina. Shaizari, wanda ya yi zamani da Salahuddini, ya ce a nisanta masu sana'ar wuta, kamar maƙera da masu gashin burodi, daga rumfunan masu yadi da masu turare. Wanda ya tuna da gobarar babbar kasuwar Jos ta 2002, ko ta kasuwar Sabon Gari ta Kano ta 2016, ba ya bukatar a yi masa sharhin wannan hukunci. Ibnu Haldun kuma ya lasafta a cikin Muƙaddima cewa daga ayyukan muhtasibi akwai tilasta wa masu gine-ginen da ke shirin faɗuwa su rushe su, domin kada su halaka masu wucewa.

Mafi ban sha'awa a cikinsu shi ne Ibnu Abdun na birnin Ishbiliya ta Andalus, a farkon ƙarni na 12 na Miladiyya. Shi bai tsaya ga hani da umurni ba, sai da ya shiga cikin kayan ginin kansu. Ya ce a lura da kaurin katanga, a kusanta itatuwan rufi da juna, a kuma sassaƙa ma'aunin tubali da na itacen rufi da katako mai ƙarfi, a rataye a jikin bangon masallacin Juma'a, domin duk wanda ya yi zargin an rage masa girman tubali ya je ya gwada. Mai karatu ya kwatanta wannan da halin da ake ciki a gidajen buga bulo, inda buhun siminti ɗaya ake matsa masa ya fitar da bulo fiye da ƙarfinsa, har mutum ya iya marmashe shi da hannu.

Katangar da ta karkata

Shi muhtasibi ko alƙali ba lalle ne ya san sirrin gini ba. Saboda haka sukan nemi masana daga cikin magina, su tura su su duba, sa'an nan a yanke hukunci bisa abin da suka gani. Wanda ya fi shahara a cikin irin waɗannan shi ne Ibnur Rami, wani magini na birnin Tunis da ya rayu a farkon ƙarni na 14. Ya yi aiki ƙarƙashin alƙalai, musamman Ibnu Abdir Rafi'i, ya kuma tattara abin da ya gani da abin da ya karanta na mazhabar Malikiyya a cikin littafi mai suna Al-I'ilan bi Ahkamil Bunyan. Aikinsa shi ne a tura shi ya dubi katangar da maƙwabta ke jayayya a kanta, ko indararon da ke zuba a gidan wani, ko ginin da ake tsoron faɗuwarsa, ya dawo ya shaida wa alƙali. Ƙasar Hausa ma ta san irin wannan tsari, domin sarakuna suna da Sarkin Magina mai shugabantar masu sana'ar, kuma har gobe ana ambaton Babban Gwani Muhammadu Durugu, wanda ya gina masallacin Juma'a na Zariya a zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarimu.

To, mene ne hukuncin katangar da ta karkata ta faɗa wa wani? Ɗaliban da suka kai ƙarshen Muhtasar na Shaihu Halilu sun san mas'alar. Mai katanga yana lamunin abin da ta halaka na rai ko dukiya idan sharuɗɗa uku suka cika: ta kasance ta karkata, an yi masa gargaɗi, kuma ya sami isasshen lokacin da zai gyara ko ya rushe amma bai yi ba. Masu sharhi suka bayyana cewa gargaɗin shi ne a ce masa ya gyara katangarsa, a kuma kafa shaida a kan haka a gaban hukuma ko jama'ar Musulmi. Suka ƙara da cewa idan tun farko a karkace ya gina ta, to yana lamuni ko ba a yi masa gargaɗi ba. Idan kuwa mai ita ba ya gari, hukuma na iya sa a rushe ta, a sayar da wani abu daga kayanta a biya leburori.

A nan ne matsayin mai duba gini yake bayyana. Wannan gargaɗi da aka rataya lamuni a kansa, a wannan zamani takardarsa ce da jan fentin da yake shafawa a jikin bango. Idan ya ga tsagewa a ginshiƙi ya yi shiru, ya bar mazauna cikin hatsari, sa'an nan ya raunana haƙƙin magadansu in abin ya auku, domin mai gida zai ce ba wanda ya gaya masa. Idan kuwa ya sa hannu cewa gini lafiya yake alhali bai je ba, ko ya je an sallame shi, to sa hannun nan shaidar zur ce, wadda Annabi ya lasafta cikin mafi girman kaba'irai, abin da aka ba shi kuma rashawa ce da aka la'anci mai bayarwa da mai karɓa. Bai isa uzuri ba ya ce albashi kaɗan ne, ko da yake wajibi ne a kan hukuma ta wadata shi, ta ba shi abin hawa da kayan awo, domin wanda mai gini ke ɗauka a motarsa ya kai shi wurin aiki ya ciyar da shi, da wuya ya iya ɗaga murya.

Ga misali daga Nijeriya. A ranar 1 ga Nuwamba 2021 wani bene mai hawa 21 da ake kan ginawa ya rufta a unguwar Ikoyi ta Legas, mutum fiye da 40 suka rasu, har da mai ginin kansa. Tun a watan Fabrairu na 2020 kamfanin injiniyoyin da ke kula da ƙarfin ginin ya rubuta wa mai shi takarda cewa ya janye daga aikin, domin ba zai iya lamunce ingancin abin da ake ɗorawa ba. An yi gargaɗi ke nan, an kuma sami lokaci na wajen wata 20. Nijeriya tana da kundin dokar gini na ƙasa tun 2006, amma kundi ba ya zuwa wurin aiki da ƙafarsa.

Abin da ya faru a Turkiyya

Ƙasar da ta fi nuna wa duniya wannan darasi a 'yan shekarun nan ita ce Turkiyya, kuma ya kamata a tsaya a kanta, domin ba za a ce ba ta da doka ko masana ba. A ranar 17 ga Agusta 1999 girgizar ƙasa ta auka wa yankin Izmit, ta kashe mutum fiye da 17,000. Bayan wannan aka yi ta gyare-gyare. Aka wajabta inshorar girgizar ƙasa, aka sabunta dokar gini a 2007, aka sake sabuntawa a 2018, har masana suka yarda cewa a rubuce tana cikin masu kyau. A 2001 aka kafa dokar da ta miƙa aikin duba gini ga kamfanoni masu zaman kansu. Sai dai har zuwa ƙarshen 2018 masu ginin ne ke zaɓen kamfanin da zai duba su, sai a 2019 aka koma raba aikin ta hanyar ƙuri'ar kwamfuta. Wanda ya karanta Risala ta Ibnu Abi Zaidi ya san ba a karɓar shaidar mai jawo wa kansa amfani da shaidar tasa. Kamfanin da ya san in ya tsananta ba za a sake kiransa ba, ina zai tsananta?

Sa'an nan a 2018 gwamnati ta yi afuwa ga gine-ginen da aka yi ba bisa ƙa'ida ba. Mai gida ya biya kuɗi, a ba shi takardar rajista, ba tare da an zo an gwada ƙarfin ginin ba, dokar kuma ta ce alhakin juriyar ginin ga girgiza yana wuyan mai shi. Miliyoyin mutane suka shiga. Hukuma tana da ikon yafe tarar da take bin mutum, wannan haƙƙinta ne. Amma haƙƙin ɗan haya da ke kwana a hawa na biyar, da na mai wucewa ta gindin bene, ba na hukuma ba ne balle ta yafe shi.

A ranar 6 ga Fabrairu 2023, da ƙarfe 4:17 na asuba, mutane suna barci cikin tsananin sanyi, girgiza mai ƙarfin maki 7.8 ta auka wa kudancin ƙasar da arewacin Siriya, bayan kamar awa 9 wata mai maki 7.5 ta biyo. Larduna 11 abin ya shafa. Mutum fiye da 50,000 suka rasu a Turkiyya kaɗai, ban da dubbai a Siriya. Da injiniyoyi suka bi ɓaraguzai, sai suka yi ta tarar da aibobin da aka sani tun 1999: kankare mai rauni, rodi mai santsi wanda ba ya kama siminti, zoben da ke ɗaure rodin ginshiƙi an yi masa tazara mai yawa ba a kuma lanƙwasa bakinsa ciki ba, hawa na ƙasa an buɗe shi domin kantuna, wani wuri ma har an sare ginshiƙi don a sami fili. Duk waɗannan abubuwa ne da ido ke gani kafin a zuba kankare, amma da zarar an zuba an yi yaɓe an shafa fenti, sun ɓuya ke nan. Shi ya sa zuwan mai duba gini a ranar da aka ɗaure rodi ya fi zuwansa goma bayan an gama. Ba kuma tsofaffin gidaje kaɗai suka faɗi ba. A birnin Antakiya wani katafaren bene mai hawa 12, wanda bai fi shekara 10 da kammalawa ba, ya kife da ɗaruruwan mutane, cikinsu har da ɗan wasan ƙwallon ƙafa na Ghana, Christian Atsu.

A cikin wannan lardi na Hatay, wanda ya fi kowane asarar rayuka, akwai wani gari mai suna Erzin, mai mutum kamar 42,000. Ba bene ko ɗaya da ya rufta a can, ba kuma wanda ya rasu a cikin garin. Magajin garin na lokacin, Okkes Elmasoglu, ya shaida wa manema labarai cewa bai yarda da gini ba bisa ƙa'ida ba, kuma mutane sun yi ta fushi da shi saboda haka. Adalci shi ne a ambaci abin da masana ƙasa suka ƙara, cewa garin yana zaune a kan ƙasa mai tauri, gidajensa kuma ba dogaye ba ne. Amma ai hana gini ya yi tsawon da ya wuce kima, da sanin irin ƙasar da za a ɗora shi a kai, su ma suna cikin aikin mai ba da izini.

Wani zai ce, ai duk wannan ƙaddara ce, wanda kwanansa ya ƙare ko a gidan ƙarfe yake sai ya tafi. Gaskiya ne, imani da ƙaddara rukuni ne, da shi kuma ake yi wa wanda aka yi wa rashi ta'aziyya. Amma ba a kafa hujja da ita domin a kuɓutar da mai sakaci, in ba haka ba da malamai ba su wajabta lamuni a kan mai katanga ba. Lokacin da Sayyidina Umar ya juya da jama'a daga hanyar Sham saboda annoba, Abu Ubaida ya tambaye shi ko gudun ƙaddarar Allah yake yi, sai ya nuna masa cewa komawar ma cikin ƙaddarar Allah take. Tirmizi kuma ya ruwaito cewa an umurci mai raƙumi ya ɗaure raƙumarsa tukuna sa'an nan ya yi tawakkali. Girgizar ƙasa ba mai iya hana ta. Rodin da aka rage kuwa, mutum ne ya rage shi, wani mutum kuma ya gani ya sa hannu.

Takarda a bakin ƙofa

Idan masifa ta riga ta auku, hankalin jama'a yakan koma ga masu tono da likitoci, haka kuwa ya kamata. Amma akwai tambayar da ba mai amsa ta sai mai duba gini: gidajen da suka rage a tsaye, wanne za a koma, wanne ba za a koma ba? Mutum yana waje da iyalinsa cikin sanyi ko ruwan sama, ga gidansa yana gani, ga abincinsa da takardunsa a ciki. In ba a ce masa kome ba, zai shiga.

A jihar Kalifoniya ta Amurka aka tsara wata hanya a 1989, aka kuma fara aiki da ita a girgizar da ta auku kusa da San Faransisko a watan Oktoba na wannan shekara, daga baya ƙasashe da dama suka ɗauka. Ana tura masu dubawa biyu-biyu, su zagaya gini cikin ɗan lokacin da bai fi rabin awa ba, su manna takarda a bakin ƙofa. Koriya tana nufin an duba ba a ga abin da zai hana shiga ba. Rawaya tana nufin a shiga bisa sharaɗi, kamar a ɗauko kaya a fito, ko a guji wani sashe. Ja tana nufin kada a shiga, ko da yake ba umurnin rushewa ba ce. Akan fara da asibitoci da makarantu da wuraren ibada, domin can jama'a ke tururuwa neman mafaka, kuma babu hatsarin da ya kai a tara mutum dubu a ƙarƙashin rufin da ya tsage. Tun da yake ma'aikatan gari ɗaya ba za su iya duba dubban gidaje cikin 'yan kwanaki ba, su kansu ma masifar ta shafe su, sai ake horar da injiniyoyi tun lokacin zaman lafiya, a rubuta sunayensu, domin a kirawo su daga waɗansu garuruwa. Wannan shi ne abin da malamai ke kira farali na kifaya, wanda in ba a sami masu tsayawa da shi ba laifi ya hau kan kowa.

Nauyin wannan takarda ba ƙarami ba ne. A birnin Van na gabashin Turkiyya an yi babbar girgiza a ranar 23 ga Oktoba 2011. Wani otal mai suna Bayram ya ci gaba da saukar baƙi, cikinsu har da 'yan jarida da masu aikin agaji. A ranar 9 ga Nuwamba wata girgiza da ba ta kai ta farko ba ta zo, otal ɗin ya rufta, mutum fiye da 20 suka rasu a ciki. A can nesa kuma, a birnin Christchurch na ƙasar Niyu Zilan, an manna wa wani bene mai ɗauke da gidan talabijin koriyar takarda bayan girgizar Satumba 2010. A ranar 22 ga Fabrairu 2011 ya rufta da mutum 115. Hukumar binciken da aka kafa ta gano cewa zanen ginin yana da aibi tun asali, kuma bai kamata a ba shi izini ba a 1986. Sa hannun da aka yi shekara 25 da suka wuce shi ya zo ya ci rayuka. Saboda haka wajibi ne a kan mai dubawa ya bayyana wa jama'a iyakar abin da ya gani, cewa duban gaggawa ne ya yi, kada mai gida ya riƙe koriyar takarda a matsayin hujjar cewa ba sauran bincike.

Ƙasar Hausa da maƙwabtanta ba su saba da girgizar ƙasa ba, amma sun saba da ruwa da iska da wuta. Lokacin da madatsar ruwa ta Alau ta ɓalle a watan Satumba na 2024, ruwa ya mamaye babban sashe na Maiduguri, tambayar da ta fuskanci mutanen Antakiya ita ce ta fuskanci mutanen Borno da ruwa ya janye. Ginin ƙasa yana da wata tasa ɗabi'a: yakan sha ruwa ta gindi, sama tana nan kamar lafiya, sai bayan kwanaki ya zube cikin dare. Ginin bulo kuma ruwa kan zaizaye ƙasar da ke ƙarƙashin tushensa, ko ya cika shaddar da aka haƙa kusa da bango har ta rufta. Ana bukatar mai ido ya bi gida-gida kafin a mayar da yara ɗaki. Makarantu ma haka, domin ba a manta da benen makarantar da ya rufta a Jos a ranar 12 ga Yuli 2024 ba, inda aka rasa mutum 22, galibinsu ɗalibai.

Saura maganar sake gini. A nan ne ake matsa wa mai duba gini fiye da ko yaushe, domin kowa yana gaggawa, kowa kuma abin tausayi ne, har a ga kamar rashin imani ne a tambayi wanda gidansa ya rushe takardar izini. Magabata ba su ga haka ba. Ɗabari ya kawo a tarihinsa cewa da aka kafa birnin Kufa a shekara ta 17 bayan Hijira, da kara aka fara gina gidaje, sai gobara ta cinye su. Sa'adu ɗan Abi Waƙƙas ya aika wa Sayyidina Umar neman izinin gini da tubali. Umar ya yarda, amma da sharaɗin kada mutum ya wuce ɗaki uku, kada kuma a yi gasar tsawon gini. Aka sa Abul Hayyaj ya kula da yankan filaye, aka ƙayyade manyan hanyoyi zira'i 40, waɗansu 30, waɗansu 20, lunguna kuwa zira'i 7. Watau gobarar ce ta zama dalilin canja kayan gini da tsara gari. Irin wannan tunani yana cikin dokar Amurka ta yankunan ambaliya: idan kuɗin gyaran gida ya kai rabin darajarsa ko fiye, ba a barin mai shi ya mayar da shi yadda yake, sai ya bi ƙa'idar yanzu, kamar ɗaga daɓensa sama da inda ruwa ke kaiwa. Tausayin da ya dace shi ne hukuma ta yafe kuɗin takarda, ta gaggauta bayar da ita, ta taimaka da kayan aiki ko ta ba da wani fili ga wanda gidansa ke kan hanyar ruwa. Amma barin talaka ya sake gini a cikin kwari, wannan ajiye shi ne ga damina mai zuwa.

Risala ta yi maganar bene mai mamallaka biyu. Idan ƙasa ya yi rauni, gyaransa yana kan mai ƙasa, shi zai tokare na sama har a gama, in ya ƙi kuwa a tilasta masa ya gyara ko ya sayar wa wanda zai gyara. Wanda zai ce ƙasan ya yi rauni, da gwargwadon rauninsa, shi ne dai wannan masani. Lissafinsa ne kuma ya kamata a bi wajen raba agaji, domin wanda ya rasa gida ɗungum ya riga wanda katangar bayan gidansa kawai ta zube.

Akwai wani aiki da akan manta da shi cikin gaggawar share gari. Kafin katafila ta kwashe ɓaraguzan benen da ya kashe mutane, lalle ne a ɗebi samfurin kankare da rodi, a ɗauki hoto, a killace fayil ɗin izinin ginin, domin alƙali ba ya hukunta diyya sai da hujja. A Turkiyya an buɗe ofisoshi na musamman na masu gabatar da ƙara domin laifuffukan da suka shafi girgizar 2023, lauyoyi kuma suka yi ta kiran kada a kwashe kome sai an ɗebi samfuri. An kama 'yan kwangila da dama cikin makonnin farko, har da wanda ya gina benen nan na Antakiya, wanda aka tare a filin jirgin saman Istanbul. Amma bisa dokar ƙasar, ba a bincikar ma'aikacin gwamnati a kan laifin da ya shafi aikinsa sai da izinin magabatansa, don haka maganar waɗanda suka sa hannu a takardun izini ta yi ta jan ƙafa, iyalan mamata suka yi ta kai da kawowa suna neman a gurfanar da su tare da maginan.